Rile ya yi ƙas, amma sifika ta ƙone: daga ina zan fara zana da'irar kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na haɗa amfilifaya da hannuna, tiransifoma 32-0-32, tiransista 2SC5200 da 2SA1943 biyu-biyu a kowane ɓangare. Na sa fiyus 5A a wayar sifika, na kuma sayi ƙaramin allon kariya irin mai rile shuɗi. Ranar wani biki tiransista ɗaya ta harbe, da kunnena na ji rile ya yi ƙas, amma duk da haka wufata mai inci 15, om 8, ta ƙone, fiyus ɗin kuwa ko gezau. Ina so in zana tawa da'irar. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa, asarar wufa, babbar sifikar sauti mai kauri, mai inci 15 ba ƙarama ba ce.

Wannan ƙas ɗin da ka ji shi ne abu mafi daraja a tambayarka. Yana nufin allon ya ga DC, wato wutar da ke tafiya fuska ɗaya ba ta juyawa, ya kuma saki rile, makunnin da ke raba sifika da amfilifaya, a kan lokaci. Mai gadi ya ga ɓarawo, ya yi ihu, ƙofa ce ta ƙi rufuwa. Yawancin masu haɗa amfilifaya suna ɓata lokacinsu a kan yadda za a gano DC, alhali wannan tiransista biyu da kafasita ɗaya sun isa. Yanke shi bayan an gano shi ne aikin mai wuya. Saboda haka ta can zan fara, mu baro lissafin ganowa zuwa baya.

Bari mu ga abin da ya faru a cikin akwatin naka. Tiransifoma 32-0-32, bayan dayod da manyan kafasitoci, tana ba da kusan +45V da −45V. Tiransistar fitarwa idan za ta mutu, galibi ba buɗewa take yi ba, haɗewa take yi, kolekta da emita su zama kamar guntun waya. Nan take 45V ɗin gaba ɗaya ya hau kan sifika. Sifikar da aka rubuta wa om 8, in ka ɗora mata mita za ka ga kusan om 6, domin wancan 8 ɗin na sauti ne. Raba 45 da 6, ka samu amfiya 7.5. Ninka da 45, ka samu wat 330 da 'yan kai. Kuma ba irin wat ɗin kiɗa ba ne da ke hawa yana sauka. Kwanon sifika zai tura waje ko ya shige ciki ya tsaya cak, babu motsi, babu iskar da ke sanyaya koyil, rabin koyil ɗin ma ya fita daga cikin ramin maganaɗisu inda ƙarfe ke kwashe masa zafi. Daƙiƙa kaɗan sai ka ji warin nan na gam da fenti da duk mai gyara ya sani.

Fiyus ɗinka kuma bai yi laifi ba, abin da aka ƙera shi ya yi, shi ya yi. Ƙananan fiyus na gilashi ba sa tsinkewa da zarar an kai lambar da ke jikinsu. Ƙa'idar ƙera su ta ba su damar ɗaukar ninki ɗaya da rabi na tsawon lokaci, mintuna masu yawa. Ninki ɗaya da rabi na 5A shi ne 7.5A, daidai abin da ya bi ta koyil ɗinka. In ka rage shi zuwa 2A don ya yi sauri, sautin bes mai ƙarfi zai riƙa tsinka shi ana tsakiyar rawa. Fiyus yana da wurin zama, za mu zo kansa, amma ba a wayar sifika ba.

To, rile. Ɗauko shi ka karanta jikinsa. Za ka ga 10A 250VAC, a ƙasa kuma 10A 30VDC, wani ma 28VDC. Mutane suna ganin 250 ɗin su ce ai 45 ba komai ba ne. Layi na biyun shi ne naka. Wutar AC ta gida, mai 50Hz, tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsin da ya tashi tsakanin bakunan rile yana mutuwa da kansa. DC ba ya ratsa sifili. Idan bakunan suka rabu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba, sai wuta ta yi gada a cikin iska ta ci gaba da wucewa, kamar dai na mai walda. Koyil ɗin sifika kuma yana ƙara mata zuga, domin duk koyil yana ƙin a yanke masa wuta farat ɗaya. Sama da 30V da amfiya bakwai ko goma, ƙaramin rile ba ya iya kashe wannan walda.

Na taɓa cin wannan tuwon. Wata amfilifaya ce da na haɗa wa masu wa'azi, mai ±56V, na sa mata rile na kuma kwanta da daɗin raina. Da aka dawo mini da ita na fasa murfin rilen da wuƙa. Bakin azurfar nan ya narke ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, ƙarfen da ke motsi ya yi shuɗi-shuɗi, robar ciki ta yi baƙi ta lanƙwashe. Rilen ya buɗe, tabbas, wutar ce ba ta san ya buɗe ba. Ka fasa naka, ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan.

Gyaran farko bai fi guntun waya ɗaya ba. Rile mai ƙafa biyar yana da biyu na koyil, sai COM, ƙafar ƙarfen da ke motsi, da NO, inda yake taɓawa idan rile ya kama, da NC, inda yake komawa idan ya saki. Allunan kasuwa da yawa suna sa amfilifaya a COM, sifika a NO, su bar NC a banza. Kai ka juya: sifika a COM, amfilifaya a NO, NC kuma ka kai shi giraun, wato layin 0V. Idan rile ya saki, ƙarfen da ke motsi zai faɗa kan NC, sai sifika ta zama an haɗe mata ƙafafu biyu a giraun, babu abin da zai bi ta cikinta. In waldar ta tashi, daga NO za ta yi tsalle zuwa giraun kai tsaye, amfiya masu yawa su kwarara, fiyus ya tsinke nan take. Nan ne wurin zaman fiyus: ɗaya a layin +45V, ɗaya a layin −45V, bayan manyan kafasitoci, kowane ɓangare da nasa, 4A ko 5A mai saurin tsinkewa. Wayar NC ta zama mai kauri, ta tafi can tsakiyar manyan kafasitoci inda giraun ɗin tiransifoma yake, kada ka bi da ita ta siririn layin giraun na shigar sauti. Rilen zai iya mutuwa a wannan faɗan. Ya mutu ɗin, kuɗinsa nawa ne in an gwada da wufa?

Hattara ɗaya: in amfilifaya biyu ka haɗa baki da baki suna tura sifika ɗaya, wato babu ƙafar sifikar da ke giraun, to kowace ƙafa sai ta samu nata rilen, kuma wutar da za a yanke na iya ninkawa zuwa 90V. Wannan ya fi ƙarfin ƙaramin rile, kada ma ka gwada.

Gyara na biyu, in rilenka mai baki biyu ne, ka jera bakunan ɗaya bayan ɗaya maimakon ka haɗa su gefe da gefe. Tazara biyu ta fi ɗaya wuyar tsallakewa. Sai dai fa kowane ɓangare zai buƙaci nasa rilen, wanda dama shi na fi so.

Na uku shi ne saurin saki. Kowa ya san ana sa dayod a kan koyil ɗin rile don kare tiransistar da ke tuƙa shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dayod ɗin nan yana barin wuta ta ci gaba da zagaye a cikin koyil, sai rile ya yi nawa wajen saki, bakunan kuma su rabu a hankali, wanda shi ne abin da walda ke so. Ka jera dayod ɗin da zena, wato dayod da ke barin wuta ta wuce ta baya idan ta kai bolt ɗinta, mai bolt daidai da na koyil, su fuskanci juna. Maganaɗisun zai faɗi da sauri, bakunan su fizge. Amma ka yi lissafi: koyil 24V da zena 24V, kolekta za ta ga kusan 48V. BC547 iyakarta 45V, don haka ka sa BD139 mai ɗaukar 80V.

A ±45V ɗinka, waɗannan uku da rile mai kyau na 16A sun wadatar. In wata rana ka haura ±60V ko ±80V, irin na masu DJ, ka rabu da rile a wannan wurin. Ana haɗa tiransistocin MOSFET biyu, ƙafar sos da sos, get da get, a tuƙa su da ɗan IC mai mayar da haske wuta, irin VOM1271, wanda ke ba da kusan 8V ba tare da ya taɓa giraun ba. Babu baki, babu tartsatsi, kuma yana kashewa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. MOSFET ɗin ya zama yana ɗaukar fiye da jimillar layukan biyu. IRFB4227 yana ɗaukar 200V, juriyarsa kusan miliom 20, biyu a jere 40, a amfiya 5 zafin da za su fitar bai wuce wat ɗaya ba. Ka ɗora musu dayod mai shanye tsallen wuta saboda bugun da koyil ɗin sifika zai mayar. Akwai kuma tsohuwar dabara ta tirayak, wani makunnin lantarki marar baki, wadda ke haɗe fitar amfilifaya da giraun da gangan don fiyus ya tsinke. Quad 405 ta Ingila da Peavey CS-800 ta Amurka sun yi amfani da ita. Tana aiki, amma ranar da ta tashi bisa kuskure lafiyayyun tiransistoci za ta kashe, shi ya sa ba na ba mai farawa shawararta.

Yanzu mu koma kan ganowa. Aikin shi ne a bambanta DC da bes, kuma abin da ke yin haka rizista ce da kafasita. Daga fitar amfilifaya, kafin rile, ka ɗauko ta rizista 47k zuwa kafasita da ke zuwa giraun. Kafasitar dole ta jure wuta ta kowace fuska. In ba ka samu marar fuska ba, haɗa 47µF biyu, ƙafar ragi da ƙafar ragi, su ba ka kusan 23µF.

Ga dalilin waɗannan lambobi. Amfilifayarka a ƙure tana kai kusan 40V a ƙololuwa. A 20Hz, kafasitar 23µF tana da turjiya ta kusan om 340. Raba 340 da 47,000, ninka da 40, ka samu kusan 0.3V. Tiransista ba ta buɗewa sai 0.6V, ke nan bes mafi zurfi ya kai rabin hanya ne kawai. In kuma 45V na DC ya faɗo, kafasitar za ta kai 0.6V cikin kusan milisakan 15. Haɗa da sakin rile, duka bai fi milisakan 30 ba, kuma koyil ɗin wufa mai inci 15 ko ɗumi ba zai yi ba a wannan ɗan lokaci. Gwada ka sa 4.7µF: bes zai kai 1.4V, rile ya riƙa ƙas-ƙas duk lokacin da ganga ta sauka. Mutum ya fusata ya cusa 470µF, ƙas-ƙas ya tsaya, amma yanzu sai kusan milisakan 300 kafin a ga DC. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kuma kada ka wahalar da kanka wajen kama DC na 0.2V. Ko 2V a kan om 6 bai kai wat ɗaya ba. In da'irarka tana tashi tsakanin 1V da 2V, ta yi.

Inda ake faɗawa rami shi ne DC na ragi, ranar da 2SA1943 ce ta harbe. Zanen da ya fi yawo yana da tiransista NPN biyu. Ta farko ƙafarta ta bes a kan kafasita, emita a giraun, tana kama DC na tarawa. Ta biyu bes a giraun, emita a kan kafasita, tana kama ragi. A takarda sun yi daidai, a aiki ba haka ba ne. Ta farko tana ninka ɗan abin da ya shigo mata sau ɗari ko ɗari biyu. Ta biyu ba ta ninka komai, abin da ya bi ta rizistar 47k shi kaɗai za ta iya ja. A −2V wannan bai fi maikro'amfiya 30 ba. In kolektocinsu suna jan wurin da rizista 100k ta jinkirin kunnawa, da za mu zo kansa, ke ciyarwa da kusan maikro'amfiya 110, sai DC ya kai wajen −6V kafin ta fara rinjaye, sannan ga kafasitar jinkiri da za ta zuƙe da wannan ɗan ƙarfin. Maganin shi ne ka sa PNP ɗaya, kamar BC556, tsakanin kolektocin nan da sauran da'irar, ita ta yi ninkin. Wasu suna bi da siginar ta gadar dayod huɗu zuwa tiransista ɗaya, sai fuskokin biyu su zo daidai a kusan 1.8V. Duk wanda ka zaɓa, ka auna fuska biyun daban-daban.

Wani ramin kuma, allunan araha suna zuba ɓangaren hagu da na dama cikin kafasita ɗaya ta rizista biyu. Kaifin ganowa ya ragu da rabi, sannan in hagu ya tafi +45V dama ya tafi −45V, a kan kafasita sifili za a gani. Ba kullum yake faruwa ba, amma rizista ɗaya da kafasita biyu da tiransista biyu ba su kai a yi musu rowa ba. Kowane ɓangare da nasa.

Jinkirin kunnawa ba shi da wuya. Daga 24V, rizista 100k tana cika 47µF, zena 12V tana tsare hanya zuwa tiransista biyu da aka goya, sai rile ya kama bayan kusan daƙiƙa 3 zuwa 4. Wannan ya isa bugun "dum" na kunnawa ya wuce. Kashewa ce ta fi shafar mu a nan, inda ake ɗauke wuta ba sallama, a dawo da ita, a juya zuwa janareta. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta na daƙiƙoƙi, layin tarawa da na ragi ba sa sauka tare, a nan amfilifaya ke yin gurnani da tusa a cikin sifika. Don haka kada da'irar ta jira su. Ɗauko AC kai tsaye daga ƙafar tiransifoma ta 1N4007, zuwa kafasita 1µF da rizista 47k a kanta, sannan zena 15V da rizista a jere zuwa bes ɗin tiransista. Tsakanin bugu da bugu milisakan 20 ne, kafasitar ba ta faɗuwa ƙasa da zena. Da an ɗauke wuta, cikin kusan milisakan 50 ta faɗi, rile ya saki. Na zaɓi 15V ne saboda ranar da wuta ta zo a raunane: ko 230V ta sauka zuwa 160V, kafasitar tana saman 20V, kiɗa ba zai yanke ba. Ka tabbata da an ɗauke wuta wannan da'irar tana zubar da kafasitar jinkiri gaba ɗaya, domin in wuta ta ƙifta ta dawo, ƙirgar daƙiƙa uku ta faro daga farko.

Za ka ce, ba ga uPC1237 ba? Akwai shi, IC ne na kariyar sifika, ƙirar NEC ta Japan, ƙafa takwas a layi ɗaya, akwai kuma TA7317P na Toshiba mai ƙafa tara. A uPC1237 ƙafa ta 2 ce ke ganin DC, ta 4 ɗaukewar AC, ta 7 jinkiri, ta 6 tana tuƙa rile har 80mA, ta 1 lodin da ya wuce kima, ta 3 kuma tana zaɓar ko ya kulle ko ya dawo da kansa. Yana rage maka aikin dalma sosai. Amma a ƙafa ta 2 iyakarsa ba ɗaya ba ce, kusan +0.6V ne da kusan −0.2V, don haka sai ka sake lissafin bes da ƙaramar lambar. Zanensa na yau da kullum kuma yana haɗa ɓangarori biyu a ƙafa ɗaya. Kuma bai san komai game da walda a cikin rile ba. Ni ina zaɓar kullewa: in DC ya bayyana, rile ya zauna a sake har sai an kashe an kunna. In ba haka ba, amfilifaya mai ciwon da ke zuwa yana tafiya za ta riƙa mayar da sifika bakin kura.

Abu biyu a gurguje. Ka jera makunnin zafi irin KSD301, mai buɗewa a digiri 75 ko 80, da koyil ɗin rile, ka ɗaure shi a jikin ƙarfen sanyaya, domin akwatin da ke rumfar biki a watan Afrilu a Kano ya riga ya fara daga digiri 40. Sannan ka sani duk wannan ba ya kare tuwita, ƙaramar sifika mai siririn sauti. Ita abin da ke kashe ta shi ne ƙure murya har sauti ya tsage, ko amfilifaya ta riƙa kaɗawa a sama da inda kunne ke ji. Na biyun, ka duba rizista om 10 da kafasita 100nF da ke jere a fita. In rizistar ta yi baƙi, akwai magana. Na farkon kuwa, ƙwan mota 12V 21W a jere da tuwita yana taimakawa, in ya fara haske mai kiɗa ya san ya wuce gona da iri.

Kafin ka koma kan kariya, ka tambayi kanka me ya kashe tiransistar. Jabun 2SC5200 sun cika kasuwa, in ka fasa ɗaya za ka ga ƙwayar ciki 'yar mitsitsiya. Ka auna direbobi, wato tiransistocin da ke tuƙa su, da rizistocin emita na om 0.22 kafin ka sa sababbi, ka fara kunnawa da ƙwan lantarki mai zare na 100W a jere da wayar wuta, ka ga mita ta nuna ƙasa da 50mV a fita. Manyan kafasitoci kuma ka zubar musu da wuta ta rizista kafin ka sa hannu.

Gwajin da'irar kuwa ba ya son sifika. Cire wayar ganowa daga amfilifaya, ka taɓa mata batir biyu na 1.5V a jere, rile ya saki. Juya batiran, ya sake saki, kuma lokacin ya zo kusa da na farko. Yi haka a hagu, yi a dama. Mayar da wayar, sa rizistar om 8 mai ɗaukar zafi a madadin sifika, kunna sautin 20Hz daga wayarka ka ƙure murya, bai kamata rile ya motsa ba. Zare filogi daga bango, ƙas ɗin ya zo tare da zarewar. Na ƙarshe shi ne wanda allonka na kasuwa ya faɗi: cire amfilifaya daga NO, ka ba shi +45V ta fiyus, rizistar om 8 a COM, ka taɓa wayar ganowa a wannan 45V ɗin kana kallon mita a kan rizistar. Ta koma sifili nan take ta zauna. Bayan wannan gwajin, ko fiyus ya tsinke ko bai tsinke ba, cire rilen ka fasa ka duba bakinsa, sannan ka sa sabo irinsa a allon.